MOTA MAI ZUCIYA BIYU: TAFIYARMU DAGA KANO ZUWA KWARGABA

  

Na san wata tana ganin kan maganar nan za ta ce, to yau kuma wane mayaudarin aka kamo mana? Domin kuwa a littattafan da muke karantawa, in aka ce namiji zuciyarsa biyu, an san ba abin arziki ba ne. To kwantar da hankalinki 'yar uwa, yau ba zancen samari za mu yi ba, zancen mota ne, irin wadda ake kira haibirid, wato mai aiki da fetur da kuma lantarki a lokaci guda. Ita kam zuciya biyun nan alheri ce gare ta, amma fa ga wadda ta san halinta.

Dalilin kawo wannan magana ba ɓoyayye ba ne. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce Naira 1,000 a wurare da dama. Motoci da yawa aka jingine a gida, kuɗin mota ya ninka, zumunci ya yi rauni, har ta kai ana biki ko suna a ƙauye sai dai a buga waya a yi Allah ya sanya alheri. A irin wannan hali ne Yayata, ma'aikaciyar jinya a Kano, ta kwashi adashinta, ta sayar da tsohuwar motarta, ta haɗa da sarƙar gwal ɗinta guda, ta sayi Toyota Prius ƙirar 2010, 'yar Kwatano. Surutu kam ta sha shi. Wasu suka ce ta sayi wahala da kuɗinta, wasu suka ce motar cikin gari ce, ko Gwarzo ba za ta kai ba. Ba a yi wata biyu ba sai ga bikin 'yar Kawunmu ya taso a garinmu Kwargaba ta ƙasar Wurno, a gabashin Jihar Sakkwato, tafiyar da ta haura kilomita 500. Yaya ta ce to ga fili ga mai doki.

WACE IRIN MOTA CE?

Kafin mu kama hanya, bari in ɗan yi miki bayanin yadda take, don ki fahimci abin da ya same mu a gaba. Ita wannan mota tana da injin fetur kamar kowace mota, sannan tana da injin lantarki, da wani babban batir da ke bayan kujerar baya. In kina tafiya a hankali ko kina tsaye a cunkoso, sau da yawa injin fetur ɗin kashe kansa yake yi, lantarki ya ci gaba da aiki. In kika taka totur sosai, sai su haɗu su biyun su ja. Kamar dai kishiyoyi masu zaman lafiya, kowace ta san ranar girkinta, in aiki ya yi yawa kuma su kama wa juna. Akwai kwamfuta a ciki, ita ce mai raba musu aiki, ke naki kawai sitiyari da totur da birki.

Tambayar da kowa ke fara yi ita ce, a ina ake yi mata caji, mu da ba mu da wuta? Amsa ita ce irin wannan ba a jona ta da wutar gida ko kaɗan. Injin fetur ɗin yana yi wa batir caji, birki ma yana yi. A motar da muka saba, in direba ya taka birki, duk ƙarfin gudun nan zafi yake zama ya bi iska. A wannan kuwa injin lantarkin ne yake juyewa ya zama janareto, ya tattara ƙarfin ya mayar cikin batir. Ta yi kama da uwargida mai tattali, wadda ko ƙanzo ba ta zubarwa.

Kuma ba baƙon abu ba ne a duniya. Tun wajen shekarar 1900 wani injiniya mai suna Ferdinand Porsche ya ƙera mota mai haɗa fetur da lantarki a ƙasar Ostiriya. Sai dai ba ta zama ta kowa da kowa ba sai a watan Disamba na 1997, lokacin da kamfanin Toyota ya fito da Prius a Japan, daga shekarar 2000 kuma aka shiga sayar da ita a Amurka da Turai. Kin ga ke nan ta girmi da yawa daga cikinku.

MUN KAMA HANYA

Cikin bazarar 2024 ne, bayan ƙaramar salla. Mu huɗu ne a motar: Yaya a sitiyari, ƙanenmu a gefenta, ni da Goggo a baya. Kaya kuwa ba a magana. But ya cika da akwatuna da kwanuka da atamfofin anko, abin da ya rage na labule da zannuwan gado na ɗakin amarya, yaran maƙwabta da suka taya mu lodi suka cusa su a gefen kujerar baya, har Goggo ta sami abin jingina.

Muna idar da sallar asuba Yaya ta karanta addu'ar hawa abin hawa, ta taka birki, ta danna maɓalli. Shiru. Goggo ta ce, “'Yar nan, ko dai batir ne? Ku sauko a tura.” Yaya ta yi dariya ta nuna mata wata koriyar rubutu a gaban sitiyari, READY, ta ce, “Goggo ai ta tashi, in kin ga wannan rubutun to a shirye take.” Ki riƙe wannan 'yar uwa: ita wannan mota ba a tura ta ta tashi. In ƙaramin batirinta ya mutu, irin na kowace mota mai bolt 12, sai dai a jona mata da wani.

Muka bi ta Kabuga, muka wuce Rijiyar Zaki da sabuwar Jami'ar Bayero, muka miƙi hanyar Gwarzo. A cikin gari nan motar ta nuna bajintarta, don duk inda muka tsaya inji ya yi shiru, amma esi na ta busa sanyi, saboda nata esin da lantarki yake aiki. Akwai wani ɗan allo da ke nuna inda ƙarfi yake fitowa da inda yake zuwa, ƙanenmu ya zuba masa ido kamar mai kallon fim.

Da muka hau doguwar hanya ta Dayi da Malumfashi sai labari ya ɗan canza. A nan injin fetur ne ke yin yawancin aikin, don babu yawan tsayawa balle birki ya tara wani abu. Ƙanenmu ya dami Yaya da ta ƙara wuta, ita kuwa ta ƙi wuce 100. Ta ce da shi gudu shi ne babban mashayin mai, in ka zuba mata wuta, ribar da aka sayo ta dominta ta tafi. Da muka zo wata gangara ya ce ta sa firi kamar yadda direbobin haya suke yi, ta ce a'a, ita wannan in aka sa ta a N batir ba ya samun caji, asara ce ba riba ba.

Abu ɗaya da ya ba mu wahala shi ne ƙasa-ƙasa da motar take. Ga kaya, ga mutum huɗu, duk tudun rage gudu da muka tarar a cikin garuruwa sai Yaya ta hau shi a karkace, a hankali, in ba haka ba ka ji ƙurrr a ƙasa, Goggo ta yi salati.

Daga Funtuwa hira ta ragu. Kowa ya san halin da hanyar Tsafe zuwa Gusau ta shiga a 'yan shekarun nan saboda 'yan bindiga, shi ya sa Yaya ta tsara tafiyar yadda za mu bi ta da rana tsaka, cikin jerin motoci, ba tsayawa a daji. Muka wuce shingayen jami'an tsaro, muka hango dutsen Kwatarkwashi, sai ga mu a Gusau lafiya. Mai bai ko kusa ƙarewa ba, amma duk da haka Yaya ta shiga gidan mai ta ƙara. Ta ce wasu suna zaton in fetur ya ƙare sai a ci gaba da tafiya da batir, alhali batir ɗin ba zai kai ka ko'ina ba, in kuma ka tatse shi ƙarƙaf, to ka jawo wa kanka aikin da sai an nemo masana.

ABIN DA YA FARU A TALATAR MAFARA

Wadda ta san ƙasar Zamfara da Sakkwato a watan Afrilu ta san zafi yakan haura digiri 40. Bayan mun wuce Bunguɗu da Maru, rana ta take, sai muka fara jin wani huci daga baya, fuuu, kamar an kunna fanka a kusa da kunnen Goggo. Can kuma sai motar ta yi nauyi. Yaya ta taka totur, ta ƙi zabura kamar ɗazu, injin fetur kuma ya ƙi yin shiru ko da an rage gudu. Ba wanda ya ce uffan, amma kowa da abin da yake lissafawa a ransa. Saura fiye da kilomita 100 mu kai Sakkwato, daga can kuma ga hanyar gida, wadda ba mai hankalin da zai bi ta bayan magariba. Mu mutanen gabashin Sakkwato ba mu manta da harin kasuwar Goronyo na watan Oktoba, 2021 ba, inda aka rasa rayuka fiye da 40. Allah ya jiƙansu, ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

Yaya ta lallaɓa har cikin Talatar Mafara, ta sami inuwar wata bishiyar dalbejiya kusa da masallaci ta tsaya. Kafin ka ce kwabo mutane sun kewaye mu, kowa da shawararsa. Wani bawan Allah bakanike, da kyakkyawar niyyarsa, ya zo da sifana a hannu ya ce, “Hajiya, zahi ta ɗauka. Buɗe min in duba wayoyin ga, in ya so mu watsa mata ruwa ta huce.”

Goggo ta ce, “Ki bar shi ya duba mana 'yar nan, ai shi ya san aikinsa.”

Yaya ta ce, “Malam na gode, Allah ya saka da alheri, amma don Allah kada ka taɓa. Wayoyin nan masu ruwan lemo da kake gani, wutar da ke cikinsu ta haura bolt 200, tana iya kashe mutum.”

Nan take ya ja da baya. Ita kuwa ta zagayo ta buɗe ƙofar baya, ta ce Goggo ta ɗan sauko, ta shiga janye ledojin labule da zannuwan gado. Sai ga wata 'yar taga mai raga-raga a gefen kujera, leda ta manne mata ɗam. Ashe ta nan ne fanka take jan iskar cikin mota tana kai wa babban batir don ya sha iska. Tun daga Kano hancin motar a toshe yake. Da batir ya ji zafi ya yi yawa, sai kwamfuta ta rage masa aiki don kada ya lalace, shi ne nauyin da muka ji.

Aka mayar da kayan kan cinyoyinmu, Yaya ta bar motar a kunne da esi, ƙanenmu ya zauna gadi, mu kuma muka je muka yi alwala muka yi salla. Kafin mu gama cin 'yar guzurinmu hucin nan ya lafa. Da muka hau hanya sai ga mota ta dawo garau kamar ba ita ba. Goggo ta dubi Yaya ta ce, “Wai ke a ina kika san duk wannan?” Yaya ta buɗe aljihun gaban mota ta ɗago littafin da aka sayo motar da shi, duk ta ja layi a cikinsa da jan biro. Ta ce dare bakwai ta yi tana karanta shi, abin da ba ta gane ba ta je garejin masu gyaran irin waɗannan motoci ta tambaya, ba ta ji kunyar a ce mace ce a gareji ba.

Ki duba fa 'yar uwa. Da an watsa ruwan nan, ko an kwance wayar nan, da ƙila a Mafara za mu kwana, ƙila ma abin ya fi haka muni. Kuma da ta kai ga ja, ita wannan ba a ɗaura mata igiya a ja ta tayoyin gaba suna gungurawa a ƙasa, sai dai a ɗora ta a kan wata motar, ko a ɗaga gabanta.

SAI GIDA

Muka wuce Tureta da Dange, muka shiga birnin Shehu da la'asar. Yaya ta sake cika tanki, don ba ta son sayen man bumburutu a galan, wanda ba a san abin da aka gauraya masa ba. Daga nan muka ɗauki hanyar Achida, muka shiga ƙasar Wurno rana da sauranta.

Ga waɗanda ba su san yankinmu ba, Wurno gari ne mai tarihi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya mai da ita ribaɗi ya zauna a cikinta, a nan ya rasu a 1837, kuma a nan kabarinsa yake. Maƙwabciyarmu Raba ita ce mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, Goronyo kuma ita ke da babbar madatsar ruwa a kan Gulbin Rima. Ƙasa ce ta fadama, ta shinkafa da albasa da tafarnuwa.

A cikin lungunan Kwargaba muka gamu da wata matsalar da ba mu yi zato ba, wato shirun motar. Da yake a hankali muke tafiya, inji ya kashe kansa, muka zama kamar inuwa. Awaki suna kwance ba su motsa ba, yara suna wasan gaɗa sun ba mu baya ba su san da mu ba. Wata 'yar ƙaramar yarinya ta fito da gudu daga wani zaure, Allah ya sa ƙafar Yaya na kan birki. Daga nan ƙanenmu ya sauka ya shiga gaba yana kora yara har ƙofar gida. Wannan ba a ƙauyenmu kaɗai ake fama da shi ba, don a ƙasashen Tarayyar Turai tun 2019 aka fara tilasta wa masu ƙera irin waɗannan motoci su sa musu wata ƙara ta musamman in suna tafiya a hankali, saboda makafi da masu tafiya a ƙasa.

Kakarmu, wadda muke kira Inna, tana zaune a zaure sai kawai ta ga mota a gabanta. Ta riƙe baki ta ce, “Ke ɗiyata, wagga mota taki lahiya taka? Ko turo ta kunka yi tun daga Kano?” Kawu kuma da aka gaya masa ba ta cika shan mai ba, cewa ya yi, “To in ba ta shan mai, mi taka sha?” Ranar ɗaukar amarya kuwa ƙawaye har rigima suka yi a kan wadda za ta shiga motar da ba ta kuka.

RIBA DA HASARA

To yanzu bari mu yi lissafi irin na 'yan aji uku. Tankin wannan mota lita 45 yake ci. A gwajin hukumomin Amurka, sabuwarta tana yin kimanin kilomita 21 da lita guda. Tsohuwa, ga zafi, ga esi, ga kaya, ba za ta kai haka ba, amma duk da haka abin da muka sha daga Kano zuwa gida bai kai cikin tanki guda ba. Motar da ke yin kilomita 10 da lita, tafiyar kilomita 500 lita 50 za ta sha. Mai yin 20 kuwa lita 25. Ki ninka da kuɗin lita a garinku, zuwa da dawowa, za ki ga abin da ya rage a jaka, wanda ya isa a ƙara wa amarya gudummawa.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Babban batir ɗin nan yana tsufa, zafi da ƙura kuma su ne manyan maƙiyansa, mu kuwa Allah ya hore mana su duka biyun. Ranar da ya mutu, kuɗin sauya shi yana iya cinye ribar man da aka daɗe ana tarawa. Don haka in Babanki ko Yayanki ko maigidan da Allah zai ba ki zai sayi irinta, ki ba shi shawara a kai ta wurin masu na'urar gwaji su duba lafiyar batir kafin a biya, kada a tsaya kallon fenti. A riƙa share fankar batir da ragarta, musamman bayan hunturu. A riƙa ajiye ta a inuwa. Kada a shiga ruwa mai zurfi da ita da damina, kada a kutsa rairayi, don ba motar fadama ba ce. In an iso gida a tabbata an kashe ta, rubutun READY ya ɓace, domin shirunta yana ruɗi, in aka bar ta a kunne a rufaffen wuri inji zai riƙa tashi da kansa, hayaƙinsa kuwa guba ne. Sannan a tuna masu gyaranta sun fi yawa a manyan birane, wanda zamansa na ƙauye ne sai ya yi tunani sau biyu.

Ku kuma ƙannena 'yan makaranta, na san babu mai sayen mota a cikinku bana, lasin tuƙi ma sai kin cika shekara 18. Amma darasin kimiyyar nan da wasunku ke gudu, na yadda ƙarfi ke juyewa daga motsi ya koma lantarki, shi ne fa aka ƙera wannan mota da shi. Kuma ɗabi'ar karanta takardar abu kafin a yi amfani da shi, ko keken ɗinki ne, ko risho, ko maganin da aka rubuto wa ƙaninki a asibiti, tun yanzu ake koyonta. A Talatar Mafara maza sun fi goma a kanmu, kowa yana son taimako tsakaninsa da Allah, amma wadda ta karanta littafin ita ta san inda ciwon yake.

Wadda ke da tambaya ko ƙarin bayani sai ta rubuto mana, ƙofa a buɗe take. Allah ya tsare mana hanyoyinmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba amarya da ango zaman lafiya da zuriya ɗayyiba. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.